RA'AYINMU: 'Yan ci-ranin Sin, su ke gini, ba su da wurin kwana

Duk wanda ya leƙa kasuwa a yau, daga wayar hannu har takalmin roba, zai tarar akasari ƙirar ƙasar Sin ne. To amma wa ya taɓa tambayar halin da masu ƙera su suke ciki?

Tun 1978 da Deng Xiaoping ya buɗe ƙofar kasuwanci, manoma suka riƙa barin ƙauyuka suna kwarara birane irin su Shenzhen da Dongguan neman abin sakawa a baka. Yanzu alƙaluman gwamnatin da kanta sun nuna waɗannan 'yan ci-rani sun kai kusan miliyan 300.

Tushen wahalarsu shi ne dokar rajistar gida ta 1958, wadda suke kira hukou. Ita ta ɗaure makarantar yaro da tallafin asibiti ga garin da aka yi wa mutum rajista. An sassauta ta a ƙananan birane, amma a Beijing da Shanghai mutum zai shekara ashirin yana aiki yana nan baƙo. Dole ya bar 'ya'yansa a ƙauye wurin tsofaffi, sai hutun sabuwar shekara ya gan su. Wani ƙiyasi na 2013 ya ce irin waɗannan yara sun kai miliyan 61.

Aikin ma ba tabbas. Yau masana'anta, gobe wurin gini, jibi kai saƙon abinci a kan babur. Danne albashin leburori ya yi yawan da sai da aka mai da shi laifin ɗauri a 2011. A 2010 matasan ma'aikatan kamfanin Foxconn a Shenzhen suka yi ta faɗowa daga bene suna halaka kansu, kamfanin ya kewaye gine-ginen da raga. A Nuwamban 2017 gobara ta cinye mutum 19 a unguwar Daxing ta Beijing, sai hukuma ta bi gidajen 'yan ci-rani da rusau, cikin tsananin sanyi.

Wannan fa a ƙasar da ke iƙirarin mulkin ma'aikata ke nan! Ra'ayinmu shi ne, birnin da ya ci gumin mutum wajibi ne ya ba shi wurin zama, ya karɓi ɗansa a makaranta, a kuma biya shi haƙƙinsa kan kari. Duk ci gaban da ya raba uwa da ɗanta shekara guda cur, zalunci ne, ko da benayensa sun taɓo gajimare.