Sanin Itatuwa: Komar, Iccen Duwatsun Turkiyya

Filin sanin itatuwa na wannan wata ya leƙa ƙasar Turkiyya. A arewacin ƙasar akwai wani teku da ake kira Baƙin Teku. A bakinsa akwai duwatsu masu tsawo, daji ya rufe su. Nan ne gidan wani ƙaramin icce da mutanen wurin ke kira komar. Masana sun ba shi suna rododendiron. Ba wanda ya shuka shi, da kansa yake fitowa.

Komar ba ya da gindi guda. Rassa da yawa ke tashi daga ƙasa, su yi duhu. Tsawonsa yakan kai mita 3 zuwa 5. Ganyensa dogo ne, mai kauri, mai sheƙi, kuma ba ya kaɗewa duk shekara. A watan Mayu da Yuni yana yin fure shunayya, tuli tuli a kan rassa.

Abu na farko da komar ke so shi ne ruwa. Iska tana kwaso damshi daga teku, ta bugi duwatsu, sai ruwa ya zuba. A birnin Rize ruwan sama yana wuce milimita 2000 a shekara. Ya ninka na Maradi wajen sau huɗu. Can babu rani, kowane wata ana ruwa. Saiwar komar siririya ce kamar gashi, kuma ba ta nutsewa ƙasa da nisa. Saboda haka dogon fari yana kashe shi.

Abu na biyu shi ne ƙasa mai tsami, wadda ruɓaɓɓen ganye ya lulluɓe. Irin wannan ƙasa ba ta sakin abinci da sauƙi. Amma komar yana da abokin zama. Wata irin funfuna tana zaune cikin saiwarsa. Ita ke narkar da ruɓaɓɓen ganye ta ba shi abinci, shi kuma yana ba ta zaƙin da ganyensa ya haɗa.

Abu na uku shi ne inuwa. Komar yana zaune ƙarƙashin manyan itatuwa, musamman wanda Turkawa ke kira kayin. Yana jure inuwar da wasu tsirrai ba su iya jurewa. A gangaren dutse yana da amfani, domin yana riƙe ƙasa, ruwa ba ya kwashe ta.

Komar yana da dafi a ganye da fure. Bisashe ba su kula shi in akwai ciyawa. Amma da sanyi, in ƙanƙara ta rufe makiyaya, ganyensa yana nan kore. Akuya ko tunkiya mai jin yunwa takan ci. Sai ta yi ta dalalar da miyau, ta yi amai, ta yi tangaɗi. In ta ci da yawa tana mutuwa.

Dafin yana shiga har cikin zuma. Ƙudan zuma suna kwasar ruwan furen, su kai amya. Turkawa na kiran wannan zuma deli bal, wato mahaukaciyar zuma. Wanda ya sha da yawa jiri zai kama shi, bugun zuciyarsa ya ragu, ya faɗi. Yawanci yana warwarewa cikin kwana guda, amma wasu sai an kai su asibiti. Abin ba sabo ba ne. Wajen shekara ta 400 kafin haihuwar Annabi Isa, sojojin Girka sun sha irin wannan zuma kusa da Tirabzon. Suka zube kamar an ci su da yaƙi. Bayan kwana uku ko huɗu suka tashi.

Babbar matsala tana zuwa in an sare daji. Muddin manyan itatuwa na tsaye, inuwarsu tana rage wa komar ƙarfi. Da an sare su, haske ya sauko, sai komar ya bazu. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, iska ke ɗaukar su. Reshen da ya taɓa ƙasa yana yin saiwa, ya zama sabon icce. In an sare shi ko an ƙone shi, kututturen yana sake tohowa. Sai ya rufe ƙasa ruf. Irin kayin da ya faɗo ba ya samun haske, ba ya tashi. Ciyawa ma ba ta fitowa. Ma'aikatan daji na Turkiyya suna shan wahala kafin su tuge shi, su mai da daji.

Ingila ma ta ɗanɗana. A 1763 aka kai komar can don ƙawata lambu. Ya sami ruwa da ƙasa mai tsami, ya tsere daga lambuna, ya mamaye dazuzzuka. Har yau ana kashe kuɗi mai yawa wajen yaƙi da shi.

Makiyayi ya san irin wannan. Inda aka sare itatuwa, kiwo ya cinye ƙasa, tumfafiya ke cika wurin. Komar ma haka yake. Ƙarƙashin manyan itatuwa yana zaune a matsayinsa, yana riƙe ƙasa. Sarar daji ce ke ba shi filin da zai hana sabon daji tashi.