JINKIRI NE KO YAFIYA?

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, ga wata maganar haraji daga Amurka, ku saurara da kunnen basira.

A can, wanda ya sayar da gida ko fili ya ci riba, gwamnati tana da rabo cikin ribar, yakan kai kashi 20 cikin 100. Amma tun 1921 aka buɗe wata ƙofa, wadda yanzu ake kira Sashe na 1031. Misali, mutum ya sayi gidan haya dala 200,000, ya sayar 500,000. Ribarsa 300,000 ke nan. In ya zuba kuɗin duka cikin wani gidan haya ko fili, ba za a karɓi ko anini ba, sai ran da ya sayar ya riƙe kuɗi a hannu. Sharaɗin da majalisarsu ta sa a 1984 shi ne ya nuna sabuwar kadarar cikin kwana 45, ya gama ciniki cikin kwana 180. Kuɗin kuwa a hannun wani amintacce yake zama, ba ya taɓa su.

Masu goyon bayan dokar suna cewa ai mutumin bai ci ribar ba tukuna, ya sauya gida da gida ne kawai. Mun yarda, wannan magana tana da ƙamshin gaskiya ga mai kanti ɗaya ko gona ɗaya.

To, amma ina ƙarshen jinkirin? Babu iyakar sau nawa za a sauya. Mai hali ya sauya yau, ya sauya baɗi, har rai ya yi halinsa. Ran da ya mutu, wani sashe, na 1014, sai ya ƙimanta wa magada kadarar bisa farashin ranar rasuwa. Harajin ribar shekara da shekaru ya bi ruwa ke nan! Harajin gado kuwa ba ya hawa sai kan dukiya mai miliyoyi.

Shi fa lebura? Tun 1943 ake cire nasa harajin daga albashi kafin ya shiga aljihu. Ɗan kasuwa mai saye da sayarwa, dokar ba ta shafi hajarsa ba. A 2017 ma aka fitar da motoci da injuna da dabbobi daga wannan rangwame, aka bar gidaje da filaye kaɗai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A 2021 Shugaba Biden ya nemi a tsayar da jinkirin a kan ribar dala 500,000 ga mutum ɗaya a shekara. Majalisa ba ta zartar ba.

Kada ku ce nesa ce. Dokar harajin ribar kadara ta Nijeriya ta 1967 ita ma ta zo da jinkiri ga mai sauya kayan sana'a. Mu dai ra'ayinmu shi ne: a yi wa ƙaramin mai kadara jinkiri, a sa wa babba iyaka, bashin gwamnati kuma kada ya mutu tare da mai shi, gama abin da aka yafe wa mai gidaje goma, a wuyan ɗan haya da mai tebur a kasuwa yake faɗawa. Duk ran da aka kawo muku doka mai sunan jinkiri, ku tambaya: wa zai biya, kuma yaushe?