Ba kowace masassara ce "palu" ba

Jama'a, yau maganar ta yaranmu ce, wanda ta taɓa ya yi haƙuri. Daga Maradi har Damagaram, da jikin yaro ya yi zafi hukuncin ɗaya ne: palu ne. Uwa ta ce palu, kaka ta ce palu, mai tallan magani a tire cikin tasha shi ma ya ce palu, ya ƙulla ƙwayoyi kala uku a leda ya miƙo. Mutumin da bai iya karanta kwalin da ke hannunshi ba, shi ya zama doktan unguwa. Bayan kwana uku ƙuraje su feso, sai a ce ai zafi ne ke fita.

Wane zafi? Masassarar cizon sauro ba ta cika zuwa da ƙuraje ba. In kun ga masassara da ƙuraje tare, ku nemi wani dalilin.

Dusa, wadda wasu ke kira ƙyanda ko baƙon dauro, ba ta ɓuya: masassara, tari, majina, jan ido, bayan kwana 3 ko 4 ƙuraje su fara daga fuska da bayan kunne su gangara jiki. Amma me muke yi? Mu kulle yaro cikin ɗaki, mu hana mishi wanka, wai in aka kai shi likita allura za ta maida ƙurajen ciki. Wallahi ba allura ke kashe mai dusa ba. Ciwon huhu ne, da zawo, da tamowar da ke biyo baya. A likita ana ba shi bitamin A yau, a sake gobe, don kare idonshi. Makafi nawa dusa ta bar mana a garuruwanmu? Kuma rigakafinta kyauta ne, tun yaro na wata 9, da na biyu cikin shekararshi ta biyu.

Sanƙarau kuwa ba ya jira. Mun ga abin da ya yi a Yamai a 2015, mun gan shi a jihar Damagaram a farkon 2023. Lokacinshi ke nan, daga hunturu zuwa bazara. Masassara da sandarewar wuya, amai, jariri ya ƙi nono, maɗiga ta kumbura, ko ɗigo-ɗigon jini ƙarƙashin fata da ba ya ɓacewa in an danna shi da kofin gilashi. A fatarmu yana da wuyar gani, a duba tafin hannu, tafin ƙafa da cikin ido. Wannan yaron ba a jiran gari ya waye da shi.

Wani abin takaicin, wani lokaci maganin tiren ne da kanshi ke kawo ƙurajen. Bactrim da Fansidar na iya sa fata ta saɓule, baki ya yi gyambo. Mai tallan ya daɗe da wucewa wata kasuwar.

Ma'aikatan lafiya, ku ma ba ku fita ba. Gwajin TDR minti 15 zuwa 20 ne. In ya nuna babu palu, me ya sa wasu ke rubuta Coartem su ce na gaba ya shigo, ba a tuɓe rigar yaron ba, ba a leƙa bakinshi ko kunnenshi ba? Sannan tun 2006 aka ce magani kyauta ne ga ƴan ƙasa da shekara 5. Uwar da ta tako daga ƙauye zuwa CSI aka ce mata babu magani, ta je farmasi, gobe wurin mai tire za ta tsaya, kuma ba za mu ga laifinta ita kaɗai ba. Magadan gari da kwamitocin kula da likitoci su faɗa mana inda maganin ke maƙalewa.

Ke kuma uwa, ki tafi da karnen rigakafi da ledar duk ƙwayar da yaron ya sha. In majo ya ce ba palu ba ne, kar ki goya ɗanki sai kin tambaye shi: to mene ne, kuma yaushe zan dawo?