Agent Orange: Me ya sa sojojin Amurka ke karɓar diyya, 'yan Biyetnam kuma suka tashi a tutar babu?

A ranar 22 ga Agustan 2024, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta birnin Paris ta yi watsi da ƙarar da wata dattijuwa mai suna Tran To Nga ta shigar a kan kamfanoni 14 da suka haɗa ko suka sayar wa sojojin Amurka maganin kashe ciyayi a lokacin yaƙin Biyetnam.

Shekarunta 82 a lokacin, kuma goma daga cikinsu ta shafe su ne tana zaryar kotu.

Kotun ba ta ce matar ƙarya take yi ba. Ba ta ma taɓo batun rashin lafiyarta ba. Abin da ta ce shi ne kamfanonin sun yi aiki ne bisa umarnin gwamnatin Amurka, don haka rigar kariyar da ke jikin gwamnati ta lulluɓe su, kotun Faransa kuma ba ta da hurumin yi musu shari'a.

A daidai wannan lokaci, tsohon sojan Amurka da ya yi aiki a Biyetnam, idan ya kamu da ciwon suga ko hawan jini, gwamnatinsa za ta iya biyansa kuɗi duk wata ba tare da ya kawo hujjar cewa feshin ya taɓa jikinsa ba.

Gubar ɗaya ce, cututtukan ma sun yi kama da juna. Abin da ya raba su shi ne ƙasar da mutum ya fito da kuma majalisar da za ta saurare shi.

Mene ne Agent Orange?

Daga 1962 zuwa 1971, sojojin Amurka sun fesa fiye da lita miliyan 70 na magungunan kashe ciyayi a kudancin Biyetnam da wasu sassan Laos da Kambodiya. Yawancin feshin da jiragen sama aka yi shi, a wani shiri da aka kira Ranch Hand.

Manufar ita ce a kakkaɓe ganyen dazukan da mayaƙan kwaminisanci ke ɓuya a ciki, a kuma lalata amfanin gonar da suke ci.

Wanda aka fi fesawa shi ne Agent Orange. Sunan ya samo asali ne daga zanen ruwan lemo da ake yi wa gangunan da ake zuba shi.

Haɗi ne na sinadarai biyu, 2,4-D da 2,4,5-T. Na farkon har gobe manoma na amfani da shi a ƙasashe da dama. Matsalar tana tattare da na biyun, domin a wajen sarrafa shi ne ake samun gurɓatar wata guba mai suna dayoksin, wadda masana lafiya suka tabbatar tana haddasa cutar kansa. Gubar tana maƙalewa a kitsen jikin mutum da na dabba, tana kuma daɗewa a ƙasa da laka na tsawon shekaru masu yawa.

A watan Afrilun 1970 Amurka ta dakatar da amfani da Agent Orange, bayan gwaji a jikin dabbobi ya nuna sinadarin na sa a haifi 'ya'ya da nakasa.

Wani bincike da Farfesa Jeanne Stellman ta Jami'ar Columbia ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2003, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 2.1 zuwa miliyan 4.8 ne ke zaune a ƙauyukan da aka yi wa feshin kai tsaye. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Biyetnam na cewa kusan mutum miliyan uku ne lafiyarsu ta taɓu.

Kotu ba ta yi wa sojojin Amurka rana ba

Sojojin Amurka da suka koma gida ne suka fara neman diyya, amma sai suka tarar da ƙofar farko a kulle. Tun 1950 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa soja ba zai kai gwamnati ƙara kan rauni ko cutar da ya samu a bakin aiki ba.

Don haka suka juya kan kamfanonin. A watan Mayun 1984, ana gab da fara sauraron shari'ar a New York a gaban Mai Shari'a Jack Weinstein, kamfanoni bakwai, ciki har da Dow Chemical da Monsanto, suka amince su biya dala miliyan 180 a sasanta. Ba su amsa laifin komai ba.

Kuɗin suna da yawa a ido, amma da aka zo rabo sai suka zama cikin cokali. Kimanin mutum 105,000 ne suka nema, kusan 52,000 suka samu, kuma idan aka raba daidai kowa ya tashi da kimanin dala 3,800. An rufe asusun a 1997. Wanda cutarsa ta bayyana bayan nan bai samu ko sisi daga ciki ba.

Dokar da ta sauya lissafi

Abin da ya share wa tsoffin sojojin hawaye daga majalisa ya fito. A 1991, bayan matsin lambar shekaru daga ƙungiyoyinsu, Shugaba George H. W. Bush ya sa hannu kan dokar Agent Orange.

Dokar ta ɗauke musu nauyin kawo hujja. Duk sojan da ya yi aiki a Biyetnam tsakanin Janairun 1962 da Mayun 1975, gwamnati na ɗauka cewa gubar ta shafe shi. Idan ya kamu da wata cuta da ke cikin jerin da aka amince da shi, ana ɗauka aikin soja ne ya jawo masa, sai a biya shi kuma a kula da lafiyarsa.

Da cututtuka uku aka fara: nau'i biyu na kansa da wata cutar fata mai kama da munanan ƙuraje. Jerin ya yi ta tsawo. An ƙara kansar prostate da ta mafitsara, ciwon suga, cutar makyarkyata ta Parkinson da wani nau'in ciwon zuciya. A 2019 aka shigar da sojojin ruwa da suka yi aiki a gaɓar tekun Biyetnam. A Agustan 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu kan wata doka da ta ƙara hawan jini.

Ma'ana, gwamnatin Amurka ta yarda cewa babu adalci a ce mara lafiya ya tabbatar da abin da ya shaƙa shekara 40 ko 50 da suka wuce. Sai dai wannan sassaucin ya tsaya ne kan 'yan ƙasarta.

Yadda ƙarar 'yan Biyetnam ta mutu

A 2004, ƙungiyar waɗanda Agent Orange ya shafa a Biyetnam, wadda ake kira VAVA, ta maka kamfanoni fiye da 30 a kotun New York. Ta dogara ne da wata tsohuwar dokar Amurka ta 1789 da ke bai wa baƙo damar kai ƙara kan keta dokar ƙasa da ƙasa.

Shari'ar ta faɗa hannun Mai Shari'a Weinstein, wanda ya jagoranci sasancin 1984. A Maris na 2005 ya kore ta. Hujjarsa ita ce an fesa maganin ne don kashe tsirrai, ba da niyyar sanya wa mutane guba ba, saboda haka bai saɓa wa dokar yaƙi ta wancan zamani ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2008, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron batun a 2009.

Wannan doka ta 1789 ba baƙuwa ba ce ga mutanen Kano. Ita ce iyalan yaran da aka yi wa gwajin maganin Trovan a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 suka yi amfani da ita a kan kamfanin Pfizer. Kotun ɗaukaka ƙarar da ta rufe wa 'yan Biyetnam ƙofa a 2008 ita ce ta buɗe wa iyalan Kano a Janairun 2009, bisa cewa gwajin magani a jikin mutum ba tare da yardarsa ba haramun ne a dokar duniya. A ƙarshe sasantawa aka yi, kamfanin bai amsa laifi ba. Bambancin shi ne babu wata gwamnati mai yaƙi da ke tsaye a bayan Pfizer, kamar yadda take tsaye a bayan masu haɗa Agent Orange.

Bayan faɗuwar ƙarar VAVA ne Tran To Nga ta fito. An haife ta a 1942, ta yi aikin jarida a ɓangaren 'yan gwagwarmaya, kuma ta ce feshin ya same ta a yankin Cu Chi a 1966. 'Yarta ta fari ta rasu tana da wata 17 sakamakon ciwon zuciya da aka haife ta da shi. Ita kanta tana fama da ciwon suga, ta kuma yi jinyar kansa.

Takardar zama 'yar Faransa da take da ita ce ta ba ta damar shigar da ƙara a can a 2014. Kotun garin Évry ta ce ba ta da hurumi a Mayun 2021, ta Paris ta maimaita haka a 2024. Lauyoyinta sun ce za su garzaya kotun ƙolin ƙasar. Hujjarsu ita ce kamfanonin ba tilasta su aka yi ba, kwangila suka nema, kuma su ne suka zaɓi hanyar sarrafawar da ta ƙara yawan gubar. Kamfanonin sun dage cewa gwamnati ce ta tsara abin da take so, ita ce kuma ta yanke inda za a fesa da yadda za a fesa.

Darasin Koriya ta Kudu

Koriya ta Kudu ta tura sojoji fiye da 300,000 su taya Amurka yaƙin. A 2006 wata babbar kotu a Seoul ta umarci Dow da Monsanto su biya kusan mutum 6,800 diyyar dala miliyan 62.

Murnar ba ta daɗe ba. A 2013 Kotun Ƙolin ƙasar ta rage waɗanda suka cancanta zuwa mutum 39 kacal, masu cutar fatar nan da ba a jayayya cewa dayoksin ke kawo ta. Sauran kuwa, kotun ta ce ciwon suga da kansa na iya samuwa daga gado, abinci, taba ko tsufa.

A nan ne gizo ke saƙa. Bincike na iya nuna cewa cuta ta fi yawa a cikin jama'ar da guba ta shafa, amma ba zai iya nuna wa alƙali cewa kansar wane takamaimai daga gubar ta fito ba. Batun nakasar jarirai ya fi kowanne jawo taƙaddama. Likitocin Biyetnam, irin su Dakta Nguyen Thi Ngoc Phuong ta asibitin Tu Du, sun daɗe suna danganta ta da feshin, yayin da kwamitocin masana na Amurka ke cewa hujjar ba ta kai ba. Duk da haka, tun shekarun 1990 Amurka ke tallafa wa 'ya'yan tsoffin sojojinta da aka haifa da wata nakasar ƙashin baya.

Kuɗin share ƙasa, ba diyya ba

Amurka ba ta naɗe hannu gaba ɗaya ba. Tun 2007 majalisarta ke ware kuɗi don wannan matsala, kuma tsohon Sanata Patrick Leahy ne kan gaba wajen fafutukar.

An kammala tsabtace filin jirgin sama na Da Nang a 2018 a kan kimanin dala miliyan 110, inda aka gasa gurɓatacciyar ƙasar da zafi mai tsanani har gubar ta lalace. A 2019 aka ƙaddamar da na sansanin Bien Hoa, wurin da aka fi jibge gangunan, aikin da aka tsara zai ɗauki shekara goma. Akwai kuma tallafin da ake bai wa masu nakasa a lardunan da aka fi yi wa feshi.

Amma Washington na kiran duk wannan taimakon jinƙai, ba ta taɓa yarda cewa bashi ne a wuyanta ba. Bambancin ya fito fili a farkon 2025, lokacin da gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje. Aikin Bien Hoa ya tsaya na ɗan lokaci kafin a ci gaba. Haƙƙin da doka ta bai wa tsohon soja ba ya tsayawa don an sauya gwamnati, amma kyauta mai ita na iya janye hannunsa duk ranar da ya so.

A cikin Biyetnam ɗin ma ba a tsira daga wariya ba. Alawus ɗin wata-wata da gwamnati ke biya ya fi karkata ga waɗanda suka yi yaƙi a ɓangaren da ya yi nasara da 'ya'yansu. Manomin da feshin ya sama a gonarsa, da sojan da ya yi wa gwamnatin kudu aiki, galibi sun dogara ne da tallafin nakasassu na gama-gari da ƙungiyoyin agaji. Gwamnatin Hanoi kuma, wadda Amurka ta zama babbar kasuwar kayanta, ba ta matsa lamba kan diyya a hukumance.

Me ya rage?

A cikin shekara 40 na shari'o'i a Amurka, Koriya ta Kudu da Faransa, abin da kotu ta bayar bai taka kara ya karya ba. Inda aka ga biya mai tsoka, 'yan majalisa ne suka yanke cewa a bar mara lafiya ya ci moriyar shakku, kuma sun yi haka ne ga mutanen da ke da ƙuri'a a mazaɓunsu.

An sha gabatar da ƙudurori a majalisar Amurka don faɗaɗa taimako ga 'yan Biyetnam da abin ya shafa, amma babu wanda ya zama doka.

Lokaci kuma ba ya jira. A watan Afrilun 2025 aka cika shekara 50 da ƙarewar yaƙin, kuma waɗanda feshin ya sama suna matasa yanzu sun haura 70. Da yawa daga cikinsu su ne ke ɗawainiya da 'ya'ya da jikoki masu nakasa, waɗanda ba za su iya ciyar da kansu ba. Ko da kotun ƙolin Faransa ta buɗe wa Tran To Nga ƙofa, abin da za ta samu shi ne izinin a fara sauraron ƙararta daga tushe.