Tiya da buhu: wace feda za ta shiga gaba a layin gita?

Gitar lantarki ta daɗe da zama ƴar gida a Nijar. Abdallah Oumbadougou ya share mata fage a Agadas, Bombino ya kai ta takarar kyautar Grammy da faifansa Deran na shekara ta 2018, shi kuwa Mdou Moctar, ɗan jahar Tawa wanda ya harhaɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya zagaya da ita Turai da Amurka. A bayan waɗannan akwai samari masu kiɗan biki, waɗanda galibi wani ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati ne ke saya musu kayan aiki. Kukan da masu sayen ke yawan ji shi ne: an sayi feda biyu da tsada, amma in lokaci ya yi da mai gita zai fito shi kaɗai, ganguna sai su danne shi. Daga nan sai a ce amfili ya yi kaɗan, a nemi babba. Sau da dama kuwa amfilin ba shi da laifi, jerin fedojin ne aka birkita.

Feda ɗan akwatin ƙarfe ne da makaɗi ke takawa da ƙafa, mafi yawansu suna aiki da pil mai bolt 9. Muryar gita tana fitowa ne a matsayin lantarki ɗan kaɗan, ta shiga feda ta hannun dama, ta fita ta hagu, ta wuce ta gaba, har ta isa amfili. Kowace feda tana aiki ne a kan abin da ta baya ta miƙo mata, sabili da haka jeri ke canza sakamako.

Iri biyu ne ake magana a kansu. Ta farko ita ce fedar ƙarfi, wadda ake rubuta Boost a jikinta. Aikinta ta ɗaga murya ba tare da ta sauya kamanninta ba. Kamfanin Electro-Harmonix na birnin New York ya fitar da irin wannan na'ura, LPB-1, tun 1968. Ta biyu ita ce fedar kaushi, mai rubutun Overdrive, wadda ke kwaikwayon gurnanin tsohon amfili mai fitilu in an buɗe shi har ƙarshe. Fitattunta daga Japan suka fito: Boss OD-1 a 1977, da Ibanez Tube Screamer a 1979. A cikinta akwai ƴan ƙananan sassa da ke aske kan murya da zarar ta wuce wani mizani, kuma askewar nan ce kunne ke ji kamar kaushi.

Ɗan kasuwar hatsi zai fi kowa saurin ganewa. Fedar kaushi tamkar tiya ce: in ta cika ta yi tozo, duk abin da aka ƙara zubewa yake yi. Idan aka sa fedar ƙarfi a gabanta, wato tsakanin gita da ita, an ƙara zuba hatsi ne a tiyar da ta riga ta cika. Abin da zai fito bai wuce tiya guda ba. Kaushi zai ƙaru, murya ta yi kauri ta daɗe tana ja, amma ƙarar da ɗan biki ke ji daga nesa kusan tana nan yadda take. Idan kuwa aka sa fedar ƙarfi a bayanta, tsakaninta da amfili, to an gama awo ke nan, sai a ninka abin da ya fito. Kaushin yana nan yadda aka daidaita shi, ƙara kuma ta tashi.

Ke nan babu jeri guda da ya dace da kowa. Mai son gitarsa ta yi kuka mai tsawo ya sa fedar ƙarfi gaba. Mai son a ji shi sama da ganguna ya sa ta baya.

Sai dai akwai sharaɗi, domin shi ma amfili buhu ne mai iyaka. In an riga an buɗe shi har ƙarshe, ƙarin da feda ta turo ba shi da wurin shiga, sai amfilin ya shiga askewa da kansa. A amfili mai fitilu wannan yana da daɗin ji, har wasu suka mai da shi salo: Brian May na ƙungiyar Queen yana tura Vox AC30 da irin na'urar ƙarfi, Stevie Ray Vaughan kuma a zamaninsa ya riƙa tura amfilin Fender da Tube Screamer. Amma a ƙaramin amfili mai taransisto sai ƙara mai tsaga kunne, kuma in abin ya daɗe lasifika na iya ƙonewa. Ya kamata a bar wa amfili sarari tun farko. In kuwa daga amfilin kansa ake samun kaushi, sai a duba bayansa: in akwai ramuka biyu masu rubutun Send da Return, nan ne mazaunin fedar ƙarfi.

Mai shirin sayen babban amfili ya yi wannan lissafi tukuna. Daga wat 50 zuwa wat 100, ƙarin da ake samu desibel 3 ne kacal, alhali sai an ƙara kusan desibel 10 kunne ke jin ƙara ta ninka. Wani lokacin ma ba ƙarar ce ta gaza ba. Tube Screamer tana rage ƙasan murya, ta fito da tsakiyarta, wurin da kunne ya fi ji, shi ya sa gita ke ratsa ganguna da ita ko ba a ƙara ko wat ɗaya ba.

Akwai kuma batun gunji. Fedar ƙarfi ba ta bambanta kiɗa da dattin wuta. In waya ta tsufa, ko wutar injin da ake amfani da shi a wurin biki ba ta da tsabta, fedar ƙarfi a gaba za ta ɗaga gunjin, fedar kaushi ta sake ninka shi. Waya mai kyau da sabon pil sun fi sabon amfili araha nesa ba kusa ba.

Sabili da haka, kafin uban gida ya kwance bakin aljihu, ya nemi makaɗinsa ya yi gwaji a gabansa. A buɗe amfili rabi, a daidaita kaushi, a taka fedar ƙarfi tana gaba, sannan a sauya waya a taka ta tana baya, mai ganga yana kiɗa. Aikin bai wuce minti biyar ba, kuma ba ya cin ko dala. In an yi haka gita ta fito fili, kuɗin amfili sun huta. In ba ta fito ba, to lokacin ne maganar sayen babba ta taso. Masu iya magana sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai.