Albasa: a daina zuba iri lokaci ɗaya

Jama'a, kowace shekara labarin bai sauyawa. Daga Sabon Gida ta Madawa zuwa Karofane ta Buza da Tamaske ta Keita, yawancin manoma suna zuba irin albasa a Oktoba, su yi dashe a Disamba. Maris da Afrilu sai ta cika kasuwa, masu saye daga Gana da Abijan su taya yadda suka ga dama. Wadda muka adana a rudu kuma, zafi da damina su ci rabonsu.

Mu 'yan kasuwa shawararmu a raba gona biyu. A zuba wani irin tun Agusta, a kan tudu saboda ruwan sama, a cire a Disamba lokacin da buhu ke da daraja. Mu kuma mu taimaka da kuɗin iri, tunda ribar tamu ce duka.