A Ba Mawaƙiya Haƙƙin Muryarta!



Sama da shekara goma ke nan ana kai ruwa rana a Amurka kan waƙoƙin zamani: ɗaga darajar mace suke yi, ko kuwa kasuwa ake ci da jikinta? A 2013 mawaƙiya Beyoncé ta sa wani yanki na jawabin marubuciyar Najeriya Chimamanda Ngozi Adichie cikin waƙarta, a 2014 kuma ta hau dandalin bikin kyaututtukan MTV ta shelanta cewa ita 'yar rajin kare haƙƙin mata ce. Wasu suka yi ta jinjina mata. Wasu kuma, har da marubuciya bell hooks, suka ce irin siffar da take nunawa illa ce ga yara mata.

Ana cikin wannan ja-in-ja a kan sutura da rawa, sai gaskiyar lamarin ta fito fili. A 2019 aka sayar da kamfanin da ke riƙe da ainihin faya-fayen mawaƙiya Taylor Swift guda shida na farko, waƙoƙinta suka koma hannun wanda ba ta so. Duk shahararta da dukiyarta, sai da ta koma situdiyo ta sake rera huɗu daga ciki, kuma ba ta mallaki kayanta ba sai a 2025 da ta saye su da kuɗinta. Idan wannan ya faru da ita, ina ga 'yar talaka?

Ku zo mu duba gida. Ku leƙa situdiyo a Kano ko Kaduna ko Jos, za ku tarar da yarinya a ɗan ƙaramin ɗaki, ta sa abin ji a kunne, tana maimaita baiti ɗaya har muryarta ta dishe. A miƙa mata kuɗin aiki, ta tari adaidaita sahu ta koma gida. Gobe waƙar ta cika gidajen biki da wayoyin jama'a, a YouTube kuwa sau da yawa sunan namijin da suka yi aikin tare kaɗai za ka gani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! In kuma aka tashi zagi a Facebook, ita ce a gaba.

Waƙar mata ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa ta shafe shekaru da ƙwaryar amada tana kiran mata su kama sana'a, har ta rasu a 2013. Ta yi suna ne domin an san muryar tata ce, waƙar ma tata ce. Me zai sa 'ya'yanta na yau su zama murya ba suna?

Wanda yake ganin wasu kalamai ko wata shiga sun saɓa wa tarbiyya, ya faɗa, kuma ya faɗa wa namiji da mace baki ɗaya. Amma addinin da ya hore mu da kunya shi ne ya hana mu cin gumin ma'aikaci. Kada mu riƙe ɗaya mu saki ɗaya.

Don haka, masu situdiyo da furodusoshi, ku rubuta sunan kowace mawaƙiya a kan aikinta, ku ba ta kaso daga abin da waƙar ke kawowa. Gidajen rediyo, ku ambaci sunanta duk lokacin da kuka sa waƙar. Iyaye, in kun yarje wa 'yarku wannan sana'a, ku raka ta, ku karanta abin da za ta sa wa hannu. 'Yan'uwa mata mawaƙa, kada ku ƙara buɗe baki gaban makirufo sai da yarjejeniya a rubuce. Najeriya na da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, akwai kuma hukumar da ke kula da ita, ku nemi sanin abin da ta tanadar muku. Ku koyi haɗa kiɗa da kanku, ku buɗe shafukanku, ku haɗa kai ku tsayar da farashi.

Mu kuma masu saurare, daga yau duk waƙar da ta burge mu, mu tambaya: wace ce ta rera, kuma an biya ta? Mu yi ta tambaya da babbar murya, har masu sana'ar su gane cewa ba za mu ƙara jin daɗin waƙar da aka danne mai ita ba. Ku tashi mu ƙwato musu haƙƙinsu!